Sadarghat

Sadarghat tashar jiragen ruwa ce da ke bakin kogin Buriganga, a tsohon garin Dhaka, babban birnin ƙasar Bangladesh. Ita ce babbar tashar fasinjojin ruwa ta ƙasar, kuma ana lissafa ta cikin tashoshin kogi mafi cunkoso a duniya. Daga nan ne manyan jirage masu hawa biyu zuwa huɗu suke tashi zuwa garuruwa da tsibiran kudancin ƙasar, irin su Barisal, Bhola, Patuakhali, Barguna da Chandpur. A gefensu kuma ɗaruruwan kwale-kwale ne ke yin fito zuwa Keraniganj, garin da ke ɗaya gaɓar kogin. Hukumar kula da sufurin ruwan cikin gida ta Bangladesh, wadda aka fi sani da BIWTA, ita ce ke gudanar da tashar.

Shekaru da yawa Sadarghat ce ƙofar da mutanen kudu suke shigowa Dhaka ta cikinta, domin manyan koguna sun raba yankinsu da babban birnin, kuma babu gada. Buɗe gadar Padma a shekarar 2022 ya janye mata fasinjoji masu yawa, amma har yanzu akwai wuraren da ba su da wata hanya ta kai tsaye zuwa Dhaka sai ita.

Suna

Sunan ya haɗa kalmomi biyu. Kalmar "sadar" asalinta Larabci ne, daga "sadr", wato ƙirji ko gaban abu, ta shigo harsunan Indiya ta hanyar Farisanci da ma'anar babba ko hedikwata. "Ghat" kuwa a harshen Bangla tana nufin matakala ko mashiga a bakin ruwa, inda ake sauka a yi wanka ko a hau jirgi. Sadarghat ke nan babbar mashiga. Akwai wasu wurare masu wannan suna a garuruwan ƙasar, misali a Chittagong, sai dai idan aka ambaci sunan ba tare da ƙarin bayani ba, ta Dhaka ake nufi. Shi ma kogin sunansa yana da ma'ana: Buriganga na nufin Tsohuwar Ganga.

Wuri da kewaye

Tashar tana gaɓar arewa ta kogin, tsakanin gadoji biyu. Daga sama akwai gadar Babubazar da aka buɗe a 2001, daga ƙasa kuma gadar Postogola, wadda ƙasar Sin ta taimaka aka gina, aka buɗe a 1989. Sunan Sadarghat a bakin jama'a bai tsaya ga ginin tashar kaɗai ba, ya haɗa da jerin ƙananan mashigai da ke maƙwabtaka da ita, kamar Waiz Ghat, Badamtali, Lalkuthi da Shyambazar.

Kasuwannin sari sun kewaye ta ta ko'ina, kuma kogin ne ya kawo su wurin. Badamtali kasuwar 'ya'yan itace ce, Shyambazar ta kayan miya da albasa da citta, Islampur ta yadi, Bangla Bazar kuma cibiyar masu buga littattafai da sayar da su. Kaɗan daga yamma da tashar akwai Ahsan Manzil, fadar sarakunan Dhaka mai launin ruwan hoda, wadda yanzu gidan tarihi ce. Daga gabas akwai Northbrook Hall, jan ginin da mutanen gari ke kira Lalkuthi, da kuma tsohon gidan attajirai na Ruplal House. Jami'ar Jagannath da filin shaƙatawa na Bahadur Shah suna kan hanyar da ta fito daga tsakiyar birni zuwa tashar.

Tarihi

Dhaka gari ne da kogi ya haifa. A farkon ƙarni na 17, wajen shekarar 1610, gwamnan daular Mugal mai suna Islam Khan ya mayar da ita hedikwatar lardin Bengal, ya sa mata suna Jahangirnagar don girmama sarkinsa. Abin da ya ja hankalinsa shi ne ruwa: daga Buriganga ana iya tura jiragen yaƙi zuwa kowane sashe na lardin, ana kuma iya tare 'yan fashin teku da ke hawowa daga kudu. Fatake suka biyo baya, musamman masu neman shahararren yadin nan mai laushi na Dhaka. An gina masaukan fatake biyu masu fuskantar kogin, Bara Katra a 1644 da Chhota Katra a 1663, kuma burbushinsu na nan har yau cikin cunkoson gidaje. Da aka mayar da hedikwata Murshidabad a farkon ƙarni na 18 garin ya ja baya, amma bakin kogin bai daina zama zuciyarsa ba.

A zamanin mulkin Birtaniya, kwamishinan Dhaka Charles Thomas Buckland ya jagoranci gina ganuwar tare ambaliya a bakin kogin daga 1864, da gudummawar attajiran gari. Ganuwar ta ɗauki sunansa, Buckland Bund, ta kuma zama wurin shan iska da yamma. A wannan gaɓar ce Nawab Abdul Ghani ya gina Ahsan Manzil tsakanin 1859 da 1872, ya sa mata sunan ɗansa Khwaja Ahsanullah. Manyan baƙi ta ruwa suke zuwa, don haka manyan gidajen wancan lokaci duk kogin suke kallo, bayansu ne ke wajen gari. Wata tsohuwar igwa ta zamanin Mugal mai suna Bibi Mariam ta daɗe a ajiye a Sadarghat kafin a ɗauke ta zuwa cikin birni.

Jiragen tururi na kamfanonin Birtaniya sun fara zirga-zirga a kogunan Bengal a ƙarni na 19. A lokacin, babbar tasharsu a yankin ita ce Narayanganj, wadda layin dogo ya haɗa da Dhaka a 1885. Mai zuwa Kolkata sai ya hau jirgin ƙasa zuwa Narayanganj, ya shiga jirgin tururi zuwa Goalundo, sannan ya sake hawa jirgin ƙasa. Darajar Sadarghat ta ɗaga sosai bayan raba Indiya a 1947, lokacin da Dhaka ta zama hedikwatar gabashin Pakistan. Mutanen Barisal da kewaye, waɗanda a da Kolkata suke fuskanta wajen karatu da shari'a da neman aiki, sai suka juyo Dhaka. An kafa hukumar sufurin ruwa a 1958, kuma a shekarun 1960 aka tsara wurin ya zama tasha ta zamani. Bayan samun 'yancin Bangladesh a 1971 Dhaka ta zama babban birnin ƙasa, yawan jama'arta ya yi ta ninkawa, kuma kaso mai tsoka na sababbin mazauna ta nan suka sauka.

Tsarin tashar

Ruwan Buriganga yana hawa da sauka da tazara mai yawa tsakanin damina da rani, saboda haka ba a gina matsayar jirage da kankare ba. An jera manyan dandamalan ƙarfe masu shawagi a kan ruwa, an ɗaure su a gaɓa, an haɗa su da ginin tashar da gadoji masu lanƙwasawa. Idan ruwa ya cika su taso, idan ya janye su sauka tare da shi. Kowane rukunin dandamali an ware shi ga wasu garuruwa, kuma jiragen Chandpur suna tsayawa ne ta ɓangaren Lalkuthi.

Wurin ya yi wa jiragen kaɗan. Maimakon jirgi ya jingina da gefensa kamar yadda ake yi a tashoshin teku, sai kowanne ya kafa hancinsa a jikin dandamali, su jeru kafaɗa da kafaɗa, fasinja ya shiga ta gaba a kan katako. Idan wuri ya cika, jirgin da ya zo daga baya yakan cusa kansa tsakanin biyu, ko ya ɗaure a bayan wani, fasinjojinsa su ratsa ta cikin na gaba. Mai shiga tashar yana biyan ɗan kuɗin ƙofa, wanda ya bambanta da kuɗin jirgi. A kan dandamalan akwai 'yan dako, masu tallan burodi da ayaba da ruwan sha, da yaran jirgi masu kiran sunayen garuruwa da ƙarfi kamar yadda 'yan kamasho suke yi a tashar mota.

Jiragen lanci

Manyan jiragen fasinja na 'yan kasuwa su ake kira lanci, sunan da aka aro daga Turanci. A asali sunan ƙaramin jirgi ne, amma a Bangladesh ya koma kan jirage masu tsawon gaske, masu ɗaukar mutum ɗaruruwa, wasu fiye da dubu. Kusan dukkansu a cikin ƙasar ake ƙera su, da yawa a wuraren ƙira da ke Keraniganj da Narayanganj da Barisal. Ƙarfe da injuna sau da yawa daga tsofaffin jiragen teku ake samo su, waɗanda ake farfasawa a gaɓar Chittagong. Wanda ya tsaya a Sadarghat yana hango jirage a ɗage bisa tudu a ɗaya gaɓar, yana kuma jin ƙarar guduma daga safe har dare.

Cikin jirgin ya kasu gida biyu. Hawan ƙasa, wani lokaci har da wani sashe na hawa na biyu, fili ne shimfiɗaɗɗe ba kujeru. Nan ne wurin masu ƙaramin ƙarfi. Mutum yakan zo tun la'asar ya shimfiɗa zane ko tabarma ya kama wuri, kuma wannan shimfiɗa ita ce shaidar cewa wurin yana da mai shi. Iyali guda sukan kewaye kansu da jakunkuna su kwana a tsakiya. Kuɗin wannan wuri yawanci a cikin jirgi ake karɓa bayan an tashi. Hawan sama kuma ɗakuna ne, na mutum ɗaya, na mutum biyu, da na iyali, wasu da fanka wasu da na'urar sanyaya ɗaki. Akwai wurin salla, da shagon shayi, da madafa a baya kusa da injin, inda ake dafa shinkafa da miyar wake da kifi ko kaza.

Layin Barisal shi ne ya fi kowanne kawo kuɗi, don haka a kansa kamfanoni suka yi ta gasa. Jiragen Sundarban, Parabat, Surovi, Kirtonkhola da Manami sun shahara a wannan layi, kuma kowane sabon jirgi sai ya nemi ya fi na baya tsawo da ƙawa. An kai ga sanya lif a wasu, da ɗakin kula da marar lafiya, da fitilu masu launi da ake hangowa daga nesa. Kamfani ɗaya yakan ba jiragensa suna ɗaya ya bambanta su da lamba, shi ya sa ake jin sunaye kamar Sundarban-10 ko Parabat-12.

Hanyoyi

Jirgin da ya bar Sadarghat yana gangarawa kudu maso gabas, ya wuce ƙarƙashin gadar Postogola, ya bi ta Fatullah, ya shiga kogin Dhaleshwari. Kusa da Munshiganj kogin Shitalakshya yana haɗuwa da shi, daga nan sai Meghna. A Chandpur ne Padma, wato sunan da Ganga ke ɗauka a cikin Bangladesh, take zubowa cikin Meghna, ruwan ya yi faɗin da a wasu wurare ba a hango gaɓa. Daga nan hanyoyi suke rarrabuwa. Jiragen Barisal su karkata yamma ta ƙananan koguna har su kai Kirtankhola, kogin da garin yake bakinsa. Na Jhalokati da Barguna su zarce ta kogin Sugandha. Na Bhola, Monpura da Hatiya su ci gaba da bin Meghna zuwa bakin teku.

Tafiyar Chandpur awa uku ce zuwa huɗu, kuma jirage suna tashi kusan duk yini. Dogayen tafiye-tafiye kuwa na dare ne. Jiragen Barisal suna tashi wajen ƙarfe tara na dare su isa da asuba, na wurare masu nisa kuma suna tashi tun da yamma. Wannan tsari ya dace da bukatar matafiya: ɗan kasuwa ya kwana a jirgi, ya wayi gari a Dhaka, ya yi sarinsa a Islampur, ya koma da jirgin dare ba tare da ya biya kuɗin masauki ba. Shi ya sa tashar take da lokutan cika biyu, da asuba lokacin da jiragen kudu ke isowa ɗaya bayan ɗaya, da kuma daga la'asar zuwa bayan isha. Jiragen ba mutane kaɗai suke ɗauka ba. Daga kudu suna kawo kifi, musamman ilish wanda ake ji da shi a ƙasar, da gwaiba da kwakwa da ganyen taunawa na pan. Daga Dhaka kuma suna komawa da yadi, magunguna da kayan masarufi.

Jiragen Roket

Ban da jiragen 'yan kasuwa, kamfanin gwamnati na BIWTC, wanda aka kafa a 1972, ya gaji wasu tsofaffin jirage na zamanin Turawa masu manyan ƙafafun tuƙi a gefe biyu. Su ne Ostrich, Mahsud, Lepcha da Tern, waɗanda aka ƙera tsakanin ƙarshen shekarun 1920 da wajen 1950. Ana kiransu Roket, domin a zamaninsu babu abin da ya kai su gudu a kogin. Daga baya an cire injunan tururi an sa na dizal, amma ƙafafun tuƙin suna nan. Suna tashi daga Dhaka su bi ta Chandpur, Barisal, Jhalokati da Hularhat har Khulna, kafin cikewar hanya da yashi ta sa a taƙaita tafiyar zuwa Morrelganj. 'Yan yawon buɗe ido sun so su ƙwarai, amma lanci sun fi su sauri, kuma a 2022 aka dakatar da zirga-zirgarsu ta yau da kullum.

Masu fito

Duk da gadoji biyun da ke kusa, dubban mutane a kullum kwale-kwale suke hawa su ƙetare zuwa Keraniganj, saboda zagayawa ta gada cikin cunkoson motoci yana cin lokaci, fito kuwa mintuna kaɗan ne kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Keraniganj cike take da ƙananan masana'antun ɗinki da kasuwannin sarin tufafi, don haka yawancin masu ƙetarewa ma'aikata ne da 'yan kasuwa.

Kwale-kwalen na katako ne, ba inji. Mai fito, wanda ake kira majhi, yana tsaye ko zaune a baya yana murza filafili ɗaya. Fasinjoji sukan zauna a kan tabarma a tsakiya. Aikin yana bukatar ido da sanin ruwa, domin hanyar fiton ta ratsa hanyar manyan jirage kai tsaye. Majhi yana bi ta ƙarƙashin hancin lanci mai hawa uku, yana lissafin igiyar ruwan da farfelarsa za ta tayar, matuƙin lancin kuwa daga inda yake zaune a sama ba lallai ya ga abin da ke gindinsa ba. Kifewar kwale-kwale a wannan wuri abu ne da ake samu lokaci zuwa lokaci. Da yawa daga masu fiton 'yan ci-rani ne daga ƙauyukan kudu, wasu a cikin kwale-kwalen suke kwana.

Lokacin Sallah

Cunkoson Sadarghat yana kai ƙarshe a kwanakin da suka gabaci Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah, lokacin da ma'aikatan masana'antun tufafi, masu tuƙa keken riksha, masu aikin gida da ɗalibai suke komawa garuruwansu. Kudancin ƙasar yana yawan tura mutane Dhaka, saboda zaizayar kogi tana cinye gonaki da gidaje, guguwar teku kuma tana yin ɓarna, kamar wadda ta afka wa Bhola a 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000, da guguwar Sidr ta 2007. Waɗannan mutane Dhaka wurin nema ce a gare su, gida yana can bayan kogi.

A irin waɗannan kwanaki ana kama ɗakunan jirgi tun da sauran makonni, ana ƙara yawan sawu, jirgi yakan sauke mutane a Barisal ya juyo fanko don ya sake ɗauka. Hotunan jirage da mutane suka cika har rufi, waɗanda kafafen watsa labarai na duniya suke yawan nunawa, galibi a nan ake ɗaukarsu. Hukuma takan jibge 'yan sandan ruwa da alƙalan tafi-da-gidanka, ta hana hawa rufi, ta tilasta wa jirgin da ya cika ya tashi ko da lokacinsa bai yi ba, ta kuma dakatar da jiragen dakon yashi na wasu kwanaki.

Haɗurra

Tarihin tashar ba ya rabuwa da na haɗurran jiragen da suka tashi daga cikinta ko suke kan hanyar zuwa. A watan Mayun 2002 jirgin Salahuddin-2, mai zuwa Patuakhali, ya nutse a Meghna cikin guguwa. A daren 8 ga Yulin 2003 jirgin Nasrin-1, mai zuwa Lalmohan a tsibirin Bhola, ya faɗa cikin juyin ruwa a mahaɗar koguna ta Chandpur. A kowanne daga cikin biyun ɗaruruwan mutane ne suka mutu. A Nuwamban 2009, jajibirin Babbar Sallah, jirgin Coco-4 ya kife a bakin gaɓa a Bhola yayin da fasinjoji suka taru a gefe ɗaya suna shirin sauka. A Maris na 2012 Shariatpur-1 ya yi karo da jirgin kaya a Meghna, fiye da mutum ɗari suka rasu, sannan a Mayun 2014 guguwa ta kifar da Miraj-4.

Wasu haɗurran a gaban tashar suka faru. A safiyar 29 ga Yunin 2020 wani ƙaramin jirgi mai suna Morning Bird, da ya taso daga Munshiganj, yana dab da isowa sai babban jirgin Moyur-2 ya buge shi kusa da Shyambazar. Cikin daƙiƙoƙi ya nutse, mutum 34 suka mutu, kuma kyamarar tsaro ta ɗauki abin da ya faru. A daren 24 ga Disambar 2021 wuta ta tashi daga ɗakin injin jirgin Avijan-10, wanda ya bar Sadarghat zuwa Barguna, yana tsakiyar kogin Sugandha kusa da Jhalokati wajen ƙarfe uku na dare, mutane suna barci. Aƙalla mutum 40 suka mutu, wasu a wuta wasu a ruwan sanyin hunturu. A ranar Ƙaramar Sallah, 11 ga Afrilun 2024, igiyar ɗaure jirgi ta tsinke a kan dandamalin tashar lokacin da wani jirgi yake cusa kai tsakanin waɗanda ke tsaye, ta kashe mutum biyar.

Dalilan sukan maimaita kansu. Akwai lodi fiye da ƙima. Akwai jiragen da aka ƙara wa tsawo ko hawa ko aka canza musu inji ba bisa zanen da hukuma ta amince da shi ba. Akwai guguwar kalbaishakhi mai tasowa ba zato tsakanin Maris da Mayu, da hazon hunturu da ke rufe ido, da jiragen dakon yashi waɗanda idan sun yi lodi kusan dukkan jikinsu a cikin ruwa yake, kuma suna tafiyar dare duk da an hana. Wani abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne ba a rubuta sunayen masu kwana a filin ƙasa, don haka idan jirgi ya nutse babu wanda ya san adadin mutanen da ke ciki, kuma alƙaluman hukuma da na dangi sukan sha bamban.

Dokar da ke kula da wannan fanni ita ce ta jiragen cikin gida ta 1976. Sashen kula da jiragen ruwa na gwamnati ne ke yi wa jirage rajista da duba lafiyarsu, BIWTA kuma tana ba da izinin hanya da lokacin tashi, tana yashe koguna, tana kafa alamun hanya, tana kuma da jiragen ceto. Idan hukumar yanayi ta ɗaga alamar gargaɗi, ƙananan jirage ake fara hanawa tashi, in abin ya tsananta a rufe tashar gaba ɗaya. Manyan jiragen da aka ƙera a 'yan shekarun nan sun fi na da faɗi da daidaito, wasu suna da na'urar hango abin da ke gaba da ta auna zurfi, kuma nutsewar da ke cin ɗaruruwan rayuka ta ragu idan aka kwatanta da farkon shekarun 2000. Inda aka fi sukar hukuma shi ne hukunci: bayan kowane haɗari ana kafa kwamitin bincike, amma shari'o'in sukan ɗauki shekaru.

Gurɓatar kogin

Buriganga na cikin kogunan da suka fi gurɓata a ƙasar. Da rani, lokacin da ruwan da ke shigowa daga kogin Turag ya ragu, ruwan gaban tashar yakan koma baƙi ƙirin, warinsa yana tarar mutum tun kafin ya sauka kan dandamali. Shekaru da dama majemun Hazaribagh suna zuba ruwan sinadarai a cikinsa kafin a tilasta musu komawa Savar a 2017. Har yanzu akwai marinun zamani, da magudanan ƙazantar birni, da tarin leda da ya kwanta a ƙasan kogin. Su ma jiragen suna da nasu laifin, ta wajen baƙin mai da sharar fasinjoji. A 2009 gwamnati ta sanya Buriganga cikin wuraren da muhallinsu ke cikin haɗari, a 2019 kuma babbar kotu ta yanke cewa kogunan ƙasar suna da matsayin mai rai a gaban doka. BIWTA ta rushe gine-gine da yawa da aka yi a cikin hurumin kogin, ta kafa ginshiƙan iyaka. Da damina ruwan yakan wanke ya koma ja-ja, sannan rani ya dawo da shi yadda yake.

Bayan gadar Padma

A ranar 25 ga Yunin 2022 firaminista ta lokacin, Sheikh Hasina, ta buɗe gadar Padma mai tsawon kilomita 6.15, wadda ta haɗa Mawa da Jajira. Kafin gadar, motar da ta nufi kudu maso yamma sai ta jira jirgin fito a bakin Padma, jiran da kan ɗauki awanni, wani lokaci dare guda idan akwai hazo ko ruwa ya yi ƙarfi. Lardin Barisal kuma ba shi da layin dogo. Wannan ne ya sa lanci ya kasance ba shi da abokin gasa na gaske.

Da gadar ta buɗe, bas ya koma kai mutum Barisal cikin awa uku zuwa huɗu, alhali lanci dare guda yake ci. Fasinjoji suka ragu nan take, kuma a cikin shekarar ne farashin dizal ya yi tsalle. Kamfanonin layin Barisal suka koma tashi bi da bi, jirage kaɗan a kowane dare maimakon jerin da aka saba gani. An ajiye wasu jirage, an sayar da wasu ga masu yanka ƙarfe, an mayar da wasu kan wasu layukan. 'Yan dako da masu talla da masu masauki na kewayen tashar duk abin ya shafe su.

Raguwar ba ta zo daidai a ko'ina ba. Bhola, tsibiri mafi girma a ƙasar, ba shi da gadar da ta haɗa shi da sauran ƙasa, haka Monpura da Hatiya, don haka jiragensu suna ci gaba da samun mutane. Layin Chandpur ma ya tsira, domin garin yana gabashin Meghna, gadar ba ta taɓa hanyarsa ba. Ko a layin Barisal akwai waɗanda ba su bar lanci ba: marar lafiyar da ake kaiwa asibiti a Dhaka wanda ke bukatar kwanciya, mai iyali da kaya masu yawa, da wanda kuɗin filin ƙasa kaɗai yake iya biya. A lokutan Sallah kuwa motoci ba sa isar jama'a, sai a fito da jiragen da aka ajiye su yi aikin 'yan kwanaki.

Isa tashar

Hanyar da ta fi shahara tana tasowa daga Gulistan a tsakiyar birni, ta bi ta unguwar kotuna da filin Bahadur Shah. Nisan bai wuce 'yan kilomita ba, amma titunan tsohon gari ƙunci gare su, kuma motocin kaya na kasuwannin sari suna toshe su, har ta kai fasinja yakan sauka ya ɗauki kayansa a ka ya ƙarasa da ƙafa. Masu jirage sun daɗe suna kukan cewa wannan cunkoso yana cikin abubuwan da ke korar musu fasinja. Ana zuwa da bas, da riksha, da keke mai inji, kuma a wannan hanya ce har yanzu ake ganin keken doki, wanda ake kira tomtom, yana ɗaukar mutane. An taɓa gwada ƙananan jiragen haya masu bin kogi daga Sadarghat zuwa Gabtoli a arewa maso yammacin birnin, da nufin rage wa tituna nauyi, amma rashin tsayayyen lokaci da ƙarancin fasinja suka hana shirin ɗorewa.